Tasha ta Ɗaya a Tokyo

Yayana Tetsuji ne ya ƙera Mejiro a shekarar 1977, a wani lungu na masana'antar mahaifinmu da ke Osaka, inda ake buga motocin wasan yara na gwangwani. Akwati ce ruwan toka mai maɓallan murzawa biyu. In ka jona ta da talabijin, sai sanduna biyu farare su fito suna buga wata ƙwallo mai kusurwa huɗu. Wasanni shida aka rubuta a kwalinta, amma in za a faɗi gaskiya duk ɗaya ne, hula kawai aka sauya masa.

Baba bai taɓa son abin ba. Sharaɗi ya gindaya: in wani babban kanti na Tokyo ya karɓe ta don kyaututtukan ƙarshen shekara, Tetsuji ya ci gaba da wayoyinsa. In bai karɓa ba, ya koma injin buga gwangwani, ba kuma za a sake maganar ba.

Ana gab da fara haɗawa Baba ya ɗaga samfurin, ya ga wani ɗan makunni a bayansa.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na zaɓar tashar talabijin da wasan zai fito a kanta ne, Baba. Ta ɗaya ko ta biyu."

"Ta ɗaya ai ba kowa a cikinta sai yayyafi. Ɗaki ɗaya, ƙofa biyu? Kai ɗan Osaka ne kuwa? A cire."

Tetsuji ya sunkuyar da kai. A gidanmu ba a mayar wa Baba magana, kuma cikinmu ba wanda ya taɓa kunna talabijin a wani gari. Aka cire, aka cika sito da akwatuna.

Ni aka haɗa shi da ni zuwa Tokyo, don ni ce mai baki. Manaja Kuwabara, mai zaɓar wa kantin kaya, ya zaunar da mu, aka kawo shayi, Tetsuji ya jona wayoyi. Sandunan suka fito. A bayansu kuma sai ga ƙatti biyu 'yan kokawar sumo, dishi-dishi, suna ture juna, ƙwallonmu tana ratsa tumbin ɗaya ta fito ta na ɗayan. Ashe a Tokyo tasha ta ɗaya ce ke da mai ita, ta biyu ce fanko. Tetsuji ya zare eriya, ya naɗe waya, ya juya akwatin, amma ƙattin nan ko gezau.

"Sai a mayar da ita ta biyu mana," in ji Kuwabara.

"Ranka ya daɗe, tamu ta ɗaya kawai ta sani," na ce, ina murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Kai, abin sha'awa. Za mu duba."

Da hannunsa ya mayar mana da ita cikin kwali, ya raka mu har bakin lifta yana rusunawa. Ko yaro ya san in mutumin Tokyo ya ce zai duba, an gama.

A tashar jirgin ƙasa na buga wa Baba waya, raina a ɓace.

"Baba, tasha ta ɗaya a nan cike take. Sumo ake yi a cikinta."

"Ke Kazue, kada ki raina mini hankali. Ga ni tsaye a gaban talabijin, ba komai a ciki."

"Ta Osaka kake kallo, Baba!"

"To su gyara tasu. Ba ni yayanki."

Na so Tetsuji ya buɗe baki ko sau ɗaya ya faɗi wanda ya cire makunnin. Na tsare shi da ido, har na taka masa ƙafa. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya rusuna wa mutumin da ba ya ganinsa.

"To, Baba," ya ce. "Injin gwangwanin. Gobe da safe."