Tukunyar Fatake a Gonar Ikilima

Tun da Sha'ibu ya ajiye tuƙin kamyo, babbar motar kaya, sai ya tsiri neman dukiyar ƙarƙashin ƙasa. Ya tsallaka gada zuwa kasuwar Malanbil, ya sayo wata na'ura mai doguwar sanda da faifai a baki, wadda ke tsuwwa in ta ji ƙarfe. Kowa a Gaya ya san labarin fataken goro da suka binne tukunyar azurfa wajen Tanda, da ƴan fashi suka biyo su. Kowa ya sani, amma Sha'ibu kaɗai ya sayi na'ura da pil, wato batir, saboda ita.

Lissafinsa kuwa ya kai shi gonar geron ƙanwarsa Ikilima, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ita da ƴaƴa huɗu. Ita a lokacin abin da ya dame ta daban ne. Ambaliya ta kwashe ciyawar gamba da ke iyaka, maƙwabcinta Lawali kuma ya wayi gari ya ce kunya ashirin na gefen gulbi nasa ne. Nan ne gefen da ya fi albarka.

"Yaya, gonata za a cinye, kai kana yawo da sanda mai kuka!" in ji ta.

"Ki yi haƙuri, in na tono tukunyar sai na saya miki gona uku."

Ranar Lahadi na'urar ta yi tsuwwa can cikin wurin da ake jayayya. Sha'ibu ya haƙa har gumi ya jiƙe masa riga. Me ya fito? Tsohon ƙarfen hauya, duk tsatsa. Ya matsa gaba, wata hauyar. Kafin la'asar ya tono biyar, ya watsa su cikin buhu yana tsaki, ya bar ramukan a buɗe don haushi.

Lawali na zaune gindin giginya yana kallo, dariya har da riƙe ciki. Bai bar teburin mai shayi ko ɗaya a Tanda ba sai da ya kai labari: rami biyar, hauya biyar, da idonsa ya gani!

Ranar da maigari ya zo gonar da dattawa, aka rasa shaida. Sai wani tsoho, Baba Harouna, ya ce a zamanin kakanninsu in an raba gona, ana binne tsofaffin hauyoyi a kan iyaka, don ruwa na cin ciyawa amma ba ya cin ƙarfe.

Sha'ibu ya waiga wajen babur ɗinsa. Wallahi ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shaidar marayu ce ya tone da hannunsa, tana can cikin buhu a bayan babur ɗinsa! Ya zazzage buhun gaban jama'a, kansa a sunkuye.

Ikilima ta ɗora hannu a ka. "Yaya, ka kashe ni."

Lawali ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfe cikin buhu ai ba shaida ba ne. Wa ya san inda ya tsinto su?"

Maigari ya dube shi a hankali. "Wa ya sani? Lawali, ba kai ne ka hana ni shan shayi shekaranjiya ba? Rami biyar, hauya biyar, da idonka ka gani."

Jama'a suka kwashe da dariya. Aka je aka duba ramukan, ga su a jere, miƙe kamar an ja igiya, kowanne da jan tsatsa a ƙasansa. Sha'ibu ya kunna na'urar, ya bi layin zuwa bakin gulbi. Taku goma, ta ɗauki tsuwwa. Dattawa da kansu suka haƙa, ga hauya ta shida kwance inda kakanni suka bar ta. Kunya ashirin ɗin kuwa duk a ɓangaren Ikilima suka faɗo.

Ikilima ta durƙusa ta shafa ƙarfen, hawaye na zuba. Da ta miƙe ta goge ido, sai ta ɗauko shebur ta miƙa wa wanta.

"Ka mayar da kowace inda ka same ta, Yaya. Ka rufe da kyau, jikokina za su buƙace su."