Ranar da Baffa Harouna Ya Ci Abincin Surukinsa

"Tsaya nan," in ji Baffa Harouna. "Kada ka kai ni har bakin ƙofa kamar amarya."

Malam Balarabe ya ja igiyar jakin, amalanken ya tsaya a inuwar dogon yaro. Ya sauko ya miƙa wa tsohon hannu. Baffa ya dubi hannun kamar ba zai kama ba, sannan ya kama. Nauyinsa bai fi na damin harawa ba, amma Malam Balarabe bai bari fuskarsa ta nuna ba.

Shekara talatin ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu a Gazawa. Malam Balarabe manomi ne, a nan aka haife shi. Baffa Harouna kuwa Bafillace ne da ya bar wa 'yan'uwansa shanu a rugarsu ta wajen Gangara, ya shigo gari. Tun kaka ciwo ya kwantar da shi. Da aka kai shi Maraɗi, likita ya ce a mai da shi gida, a ba shi duk abin da ransa ke so. Malam Balarabe ya san ma'anar wannan magana, Baffa ma ya sani.

A gabansu ga wani ɗan gidan abinci mai shuɗiyar ƙofa. Na Muhammad Awwal ne, mijin Dija, 'yar Baffa. Shekara bakwai Awwal ya yi a ƙasar Maroko yana aiki a madafar wani gidan abinci, ya dawo da tukwanen ƙasa masu dogon murfi, ya buɗe nasa a bakin hanya. Tun daga lokacin, kowace Juma'a sai ya aika wa surukinsa da tukunya ɗaya, kowace Juma'a kuma tukunyar sai ta haura katanga ta sauka gidan Malam Balarabe ba a ko buɗe ta ba. Labarin bai ɓuya ba. Wata rana Awwal ya ce wa Malam Balarabe, "Baba, na sani. Kunya yake ji a ce mijin 'yarsa namiji ne mai girki."

Ba haka ba ne. Fulako ne kawai: Baffa bai taɓa cin abinci a bainar jama'a ba, kuma abin da ya fito daga hannun suruki ba ya iya kai shi baki. Amma yaya za a yi ya faɗa wa Awwal, shi da ko sunansa ba ya kira? Da safiyar nan ne ya yi sallama ta kan katanga, da 'yar muryar da ta rage masa.

"Kaɗo, ɗaura jakinka."

"Ina za mu?"

"Wurin yaron nan. Ba na so in tafi yana zaton na raina shi."

Shi ya sa suka zaɓi tsakanin azahar da la'asar, lokacin da babu kowa a wurin.

Baffa ya tsaya yana duban allon da ke saman ƙofa. "Me aka rubuta a nan?"

"An ce abincin Maroko. A ƙasa kuma an ce halal."

"Halal? Da can mushe ake ci a Gazawa?"

"Haka ya gani a inda ya yi aiki, shi ma ya rubuta. Kai dai shiga."

Awwal na goge tabur ya ɗago kai ya gan su. Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya zo da sauri ya durƙusa har ƙasa.

"Baffa! Sannu da zuwa, Baffa. Yaya ƙarfin jiki? Ai da an aiko na zo."

"Jam," in ji Baffa, yana duban bango. "Da sauƙi."

"Abinci muka zo ci," in ji Malam Balarabe. "Ni da wannan baƙon da na tsinto a hanya."

Awwal ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya tashi ya shige madafa, har yana tuntuɓe da kujera.

Wurin ƙarami ne, tabur huɗu, an shafe bangon da farar ƙasa, ga ƙamshin citta da kirfa ya cika ko'ina. Baffa ya zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu. Awwal ya dawo da buta da tasa, ya zuba musu ruwa suka wanke hannu. Ya kawo burodi mai faɗi, da zafinsa, da ɗan kwano na zaitun. Daga ƙarshe ya shigo da tukunyar, yana riƙe da ita da tsumma biyu.

"Ikon Allah," in ji Baffa, yana yi wa Malam Balarabe magana. "Tukunya da malafa."

"Ita ma Bafillata ce. Sunanta tajin."

Awwal ya ɗaga murfin. Tururi ya tashi. Naman rago ne ya yi lugub a cikin albasa, an jera masa wasu baƙaƙen 'ya'yan itace busassu, an barbaɗa riɗi a kai. Malam Balarabe ya haɗiye miyau.

A can inda Awwal ya koyi aiki, mai gida ba ya barin baƙonsa da abinci. Tsayawa yake a kansa, yana zaɓo masa tsoka, yana roƙonsa ya ƙara. Abin da Awwal ya yi ke nan, da zuciya ɗaya. Ya sa cokali ya turo mafi taushin naman gaban Baffa, ya tsaya, hannuwansa a baya.

"Bismillah, Baffa. Ka ci wannan. Tun hantsi yake kan wuta."

Baffa ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Ya ja rawaninsa ya rufe baki.

"Ko ya yi zafi ne? Bari in fifita."

Tururin ya fara raguwa. Awwal ya matso kusa, ya karyo burodi ya ajiye a gaban tsohon. Baffa ya ƙara juya kai wajen bango, gumi na tsattsafo masa a goshi. Malam Balarabe ya ga fuskar Awwal tana sauka a hankali, ya ga yana shirin miƙa hannu ya mai da murfin. In aka rufe tukunyar nan, da sun sani ba su zo ba.

"Awwal," in ji shi, "ba ka da tabarma a gidan nan?"

"Akwai, Baba."

"Shimfiɗa mana a kusurwar can. Mu ba ma'aikatan buro ba ne da za mu ci a kan tabur. In ka gama kuma ka koma madafa, ina jin ƙaurin wani abu."

"Babu komai a kan wu…" Awwal ya tsaya. Ya dubi Malam Balarabe, wanda ya zuba masa ido bai ƙifta ba. "To, Baba."

Aka sauke tukunyar ƙasa. Baffa ya zauna yana fuskantar bango, bayansa ga ƙofar madafa. Da labulen ya faɗi, sai ya saki dogon numfashi, ya sassauta rawani.

"Yaron nan zai kashe ni kafin ciwo," in ji shi.

"Ci, kafin in cinye."

Baffa ya yi bismillah. Ya gutsuri burodi ya dangwali romo, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Mutumin da kwana goma ko kunu sai an yi da gaske yake shan ludayi biyu, sai ga shi ya sake miƙa hannu, wannan karon ya ɗauko nama.

"Kaɗo."

"Na'am."

"Wa ya sa zuma a nama?"

"Haka suke yi."

"Mutanen nan ba su da hankali." Ya sake ɗaukar wani. "Miƙo mini baƙin abin nan."

Malam Balarabe ya waiga. A ƙarƙashin labulen madafa ga ƙafafu biyu a tsaye cikin silifa, ba sa motsi. Ya taɓa Baffa da gwiwar hannu ya nuna masa da haɓa. Baffa bai waiga ba, amma ya gyara murya, ya ɗaga ta fiye da yadda ake buƙata tsakanin mutum biyu.

"Ka tambayar mini mai wurin nan, ina ya samo ragon nan?"

"Kasuwar Gangara, Baffa," in ji labule.

"Kaɗon nan na tambaya."

"An ce kasuwar Gangara," in ji Malam Balarabe.

"Na sani. Uda ne, bai kai shekara biyu ba. Harawa ya ci, ba dusa aka ɗura masa ba, dubi kitsen yadda ya kwanta. Ka tambaya, dillali ne ya zaɓa masa?"

Malam Balarabe ya juya ga labule. "An ce dillali ne ya zaɓa maka?"

"Ni na zaɓa, Baba. Na duba haƙoransa, na taɓa gadon bayansa."

"An ce shi ya zaɓa."

Baffa ya tsotsi ƙashi. "To, ka faɗa masa, a rugarmu ma masu ido irin wannan ba su fi uku ba. Biyu kuma sun mutu."

Ƙafafun da ke ƙarƙashin labule suka ɓace. Can sai wani hannu ya turo faranti ta gefen labulen, Malam Balarabe ya tashi ya ɗauko. Kuskus ne, an tula masa kabewa da karas. Baffa ya ɗiba ya murza a yatsunsa.

"Wannan ai dambu ne."

"Dambu ne da ya yi lakol, ɗan boko."

Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Malam Balarabe ya riƙe masa kafaɗa sai da ya lafa. Ya ci loma uku, ya jingina da bango, idanunsa a lumshe.

"Shekara nawa kana cin wannan a kaina?"

"Huɗu."

"Allah ya isa."

"Kai ka riƙa turowa."

Aka ji ƙarar kofuna daga madafa. Malam Balarabe ya yunƙura zai je ya karɓo shayin, Baffa ya riƙe masa riga.

"Zauna. Ya kawo da kansa."

Awwal ya shigo da tire, ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa a ƙasa. Ya ɗaga butar shayin sama yadda aka koya masa, shayin ya zubo siriri cikin kofi yana kumfa, ƙamshin na'ana'a ya tashi. A kofi na biyu ya kuskure bakin kofin, rabi ya zube a tire. Ya ajiye zai tashi.

"Ka ce masa ya tsaya," in ji Baffa.

Awwal ya tsaya. Baffa ya ja rawanin ƙasa har haɓarsa ta bayyana. Ya karyo ɗan burodi, ya share gindin tukunyar da shi. Hannunsa ya tsaya a hanya, kunnuwansa har sun yi ja. Sannan ya sa a baki, ya tauna, ya haɗiye, a gaban mijin 'yarsa. Ya ɗauki kofin ya kurɓa.

"Mi yetti," in ji shi, ba ta bakin kowa ba. "Na gode."

Awwal ya miƙe. Sai ya ɗauki tiren ya ce bari ya duba wuta, wutar da babu komai a kanta.

Kwana tara Baffa ya ƙara a duniya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin mutanen da ke sa zuma a nama. Ranar Laraba da hantsi, yana kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa, Dija na dama masa fura, ya yi kalmar shahada sau biyu, ya yi shiru. Kafin azahar an kai shi.

Ranar uku 'yan'uwansa suka iso daga ruga, maza goma sha ɗaya, wasu a kan moto, wasu a ƙasa. Da aka gama addu'a, Malam Balarabe ya ce su biyo shi. Suka bi shi har bakin shuɗiyar ƙofa, a nan suka ja suka tsaya. Babbansu, ƙanen marigayin, ya dubi allon, ya dubi Awwal da ya fito ya durƙusa yana gaishe su.

"Malam, mu ba ma ci a hanya. Nan kuma wurin surukinmu ne."

"Na sani. Wasiyya ce. Ana gobe zai rasu ya kira ni ya ce, 'In mutanena sun zo, kada su koma da yunwa. Ka kai su wurin ɗana su ci.'"

Awwal ya ɗago kai. "Haka ya ce, Baba?"

"Haka ya ce. Tashi ka fitar da taburan nan."

Aka fitar da su, aka shimfiɗa tabarmi. Fulanin suka jingina sandunansu a bakin ƙofa, suka cire takalma, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Awwal ya jera musu tukwane uku, ya buɗe, bai ce wa kowa ya ci ba. Ya fito ya ja ƙofar, ya zauna a kan benci kusa da Malam Balarabe, bayansa ga ɗakin.

Can sai wani ya yi magana da Fillanci a ciki, sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Awwal bai waiga ba. Yana zaune, tsumman ɗaukar tukunya a kan gwiwarsa, inuwar sanduna goma sha ɗaya tana matsowa a hankali wajen ƙafarsa.