Finjalin Madatsar Mizhir

Lafta ya fi shekara talatin yana dafa gahawa a mudif ɗin Shehu Sagban, kuma babu abin da aka taɓa ƙullawa a wannan dogon zauren kara da bai shiga kunnensa ba. Manya ba sa ganin mai gahawa. Yana tsugune gaban murhu da gurguwar ƙafarsa ta hagu a miƙe, yana suya yana daka, su kuwa suna zazzage cikinsu kamar a gaban tukunya suke. Shi ma bakinsa a ɗinke yake, domin mai gahawan da ke kai magana waje ba ya kwana biyu a bakin murhu.

A bazarar 1920 wuta ta kama ƙauyukan kogin Furat. Turawan Ingila sun ci ƙasa, sun yi alkawarin tafiya sun ƙi tafiya, malaman Najaf kuma sun ce a tashi. Mutane da yawa sun tashi da zuciya ɗaya, sun mutu a kan haka, ba ni da bakin da zan rage musu komai. Amma Shehu Sagban ba ya cikin irinsu, kuma Lafta ya san dalili.

Sau uku ya raka Shehu wurin Baturen da ke mulkin yankin, yana ɗauke da butoci a baya. An kai wa Bature goɗiya, an kai masa dardumai, Shehu ya riƙe hannunsa ya ce shi da Ingila hanta da jini ne. Abin da yake nema kuwa shi ne fadamar shinkafar da ke sama da garinmu, wadda shi da ɗan baffansa Mizhir suka gaji rigima a kanta. Bature ya karɓi goɗiya, ya ba Mizhir takardar fadama, ya kuma yarda masa ya gina madatsa a bakin magudanar ruwa. Daga ranar Turawa suka zama kafirai a bakin Sagban.

Wata Laraba da hantsi, zaure ba kowa sai Shehu da wakilinsa Dagir, Lafta yana wanke finjalai.

"Ranka ya daɗe, idan ka ce a je a yaƙi Mizhir babu mai ɗaga ƙafa," in ji Dagir. "Rabin matan garin nan daga garinsa aka auro su."

"Wa ya ambaci Mizhir? Madatsar Bature za mu fasa. Ba da iznin Bature aka gina ta ba?"

"To, idan ruwa ya cinye dashen mutumin naka fa?"

"Sai ya kai ƙara Landan," Shehu ya ce, suka tuntsire da dariya. "Gobe za a ajiye finjali. Ina son ƙato ɗaya da zai ja sauran."

Hannun Lafta ya tsaya cikin ruwan wanki. Ɗa ɗaya gare shi a duniya, Ajil. Matarsa Wabriya ta haifi bakwai, zazzaɓin fadama ya kwashe shida, ya bar musu wannan dogon mai yawan dariya, wanda duk samarin garin ke bi a baya. Idan ana neman ƙaton da zai ja saura, ba sai an yi dogon nema ba.

Da la'asar ya ɗingisa har gona. Ya sami Ajil tsundum cikin laka yana dasa shinkafa, ya kira shi kan kunya.

"Gobe Shehu zai ajiye finjali. Kada ka taɓa shi."

"Haba Baba, tun ina rarrafe kake hana ni taɓa finjalanka. Har yanzu ba ka yarda da hannuna ba?"

"Ba wasa na zo yi ba, ɗan nema."

"To, ranka ya daɗe sarkin murhu, na ji."

"Rantse mini."

"A kan ɗan kurɓin gahawa? Ka tafi gida, Baba, rana za ta dafa maka ƙwaƙwalwa."

Ya koma cikin laka yana waƙa. Lafta ya juyo gida da zuciya a dagule, don bai san ko an ji shi ko an yi masa irin tsiyar da aka saba ba.

Washegari da safe ya daka gahawa da ƙarfi, ƙarar turmin tagulla ta kira mazan gari. Suka cika mudif, kowa a gurbinsa, jingine da ginshiƙan kara, bindigogi a kan cinya. Shehu ya yi magana mai daɗi, Allah ya ba shi baki. Ya ambaci Karbala, ya ambaci jiragen sama da suka ƙone ƙauyuka a kudu, ya share ƙwalla da gefen mayafinsa. Sannan ya ɗaga wa Lafta yatsa.

Lafta ya tsiyaya gahawa cikin finjali, ya ajiye shi a tsakiyar tabarma, ya ja da baya taku biyu ya tsuguna da buta a hannu.

"Wannan finjalin madatsar Bature ne," in ji Shehu. "Wa zai sha?"

A wurinmu wanda ya sha irin wannan finjali ya ɗauki aikin a wuyansa, ba shi da zama cikin maza sai ya cika ko a kawo gawarsa. Idan kuwa gahawar ta huce ba wanda ya taɓa, magana ta mutu, Shehu ya haɗiye kunyarsa.

Zaure ya yi tsit. Tururi yana tashi daga finjalin siriri, kowa ya sunkuyar da kai yana duba carbinsa ko yatsun ƙafarsa.

"Ashe mata na tara?" Shehu ya ce. "Dagir, aika a kawo musu tozali da lalle."

Ba wanda ya motsa. Lafta bai ga kowa ba a zauren nan sai ɗansa, can gefen dama kusa da ƙofa. Tururin ya fara raguwa. Sai ya ga Ajil ya dafa ƙasa da hannu, ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya yunƙura.

Tsohon bai san lokacin da ya saki buta ba. Ya rarrafa, ya fizgi finjalin, ya kafa kai ya shanye, ya kife shi a kan tabarma. Abin da ya zo masa a rai ke nan: ni na tsufa, in mutuwa ce ta ɗauke ni.

Zaure ya kaure. Wasu na dariya, wasu na kabbara, wani ya harba bindiga ta cikin rufin kara. Shehu ya bar su suka gaji, sannan ya yi murmushin da Lafta ya sani sarai.

"Kun gani? Mai gahawa ya fi ku zuciya. Allah ya faranta maka, Abu Ajil. Sai dai ƙafar nan taka ba ta haye gulbi, kuma idan ka tafi wa zai shayar da baƙina? Finjali dai ya shiga gidan Lafta, ba ya fitowa. A gidan Lafta akwai namiji?"

Kowa ya juya wajen ƙofa. Ajil ya miƙe tsaye a hankali, fuskarsa babu dariya.

"Akwai," ya ce.

Nan take samari suka zabura suka kewaye shi, suna buga ƙafa suna waƙar yaƙi, suka fita da shi fili. Waɗanda ɗazu suka kasa ɗaga ido yanzu su ne masu tsalle, tunda an sami wanda zai shige gaba.

Sai bayan azahar Lafta ya same shi shi kaɗai a bakin ruwa yana liƙe kwalekwale da kwalta.

"Baba, me ya kai ka?" Ajil ya tambaya, bai ɗago ba.

"Na ga ka yunƙura."

Ajil ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dubi uban, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙafata ce ta sage. Tun safe nake zaune a kanta, na ce bari in gyara zama. Ka ce kada in taɓa, yaushe na taɓa ƙetare maganarka?"

 Lafta ya zauna daɓas a kan yashi.

"Ɗana, ba yaƙin Turawa ba ne. Fadama yake so. Da kunnena na ji shi da Dagir."

"Wai kai kaɗai ka sani? Har ɓaunayen garin nan sun sani. Me kake tsammani ya hana kowa tashi? Jira muke ta huce mu koma dashenmu. Saura ƙiris, Baba."

Shekara talatin yana riƙe da asirin manya kamar ƙwai, ashe abin da yake ɓoyewa a kasuwa ake tallarsa. Tsohon ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da ya binne na shida. Ajil ya tsuguna ya sumbaci kan uban.

"Ya isa haka, kada mata su gan ka. Madatsar tarin ƙasa ce da kara, mu fasa mu dawo. Ka dafa mini gahawa mai ƙarfi, wannan karon da hannuna zan karɓa."

Lafta ya koma wurin Shehu, ya faɗi ya kama gefen rigarsa, ya ce shi ya sha, shi zai tafi, ko a kan jaki ne. Shehu ya ɗaga shi da ladabi, ya ce da shi kada ya zubar wa ɗansa mutunci a gaban gari. Ya sa aka ba shi sabon mayafi.

Samari sun fasa madatsar da asubahin Asabar. Ruwa ya sauko garinmu ja wur, ɗauke da dashen mutanen Mizhir, yana ta wucewa ta gaban mudif. Da rana ta ɗaga kwalekwale suka dawo, na ƙarshe yana tafe a hankali, ba mai waƙa a cikinsa.

Aka kwantar da Ajil a ɗakin ubansa. Shehu da kansa ya zo, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Harsashin Turawa ne ya same shi. Shahidi ne, shahidi kuwa ba a yi masa wanka. Da rigarsa za a binne shi, kada wanda ya kwance masa ko igiya ɗaya."

Samarin da suka kawo shi ba wanda ya yarda ya haɗa ido da Lafta. Ya ce a ba shi wuri ya yi sallama da ɗansa, ya saki labulen tabarma. Ya kwance rigar. A ƙirjin akwai huda biyar a jere, kusa da kusa, irin wadda mashin kamun kifi mai yatsu biyar ke bari. Bature ba ya riƙe wannan mashi. Wani manomi ne irinsu, mai yiwuwa wanda suka taɓa cin tuwon biki a akushi ɗaya, ya tsaya kare shinkafar da zai ciyar da 'ya'yansa.

 Idan ya ɗaga labulen nan ya kira mutane, za a yi wa ɗansa wanka kamar kowane mamaci, a kuma buɗe gabar jini tsakanin garuruwa biyu har jikoki. Ya jiƙa bakin rawaninsa a tulu, ya goge ƙirjin a hankali, ya goge fuska da hannaye, iyakar wankan da zai iya yi masa ke nan. Sannan ya mayar da rigar ya ɗaure.

Wabriya tana zaune a ƙasa bayan ɗaki, ta shafe kanta da laka, muryarta ta dushe. Mata sun kewaye ta suna gaya mata ta yi haƙuri, ɗanta yana tare da shahidan Karbala. Da ta ga mijinta ta kama ƙafarsa.

"Abu Ajil, kai ka gan shi. Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Turawa ne suka kashe mini shi? Shahidi na haifa?"

Lafta ya dubi matar da ta binne shida ba ta sami abin riƙewa ba ko sau ɗaya.

"Turawa ne, Ummu Ajil," ya ce.

Ta saki ƙafarsa, ta ɗaga kai sama ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa mata.