Jar Fitila a Motar Suruki

A kamfanin jiragen, kowa ya san mataimakin matuƙin nan da ake wa laƙabi da Ba-komai. Wajen tuƙi ba a magana, amma buɗe baki ya gyara wa na gaba da shi, sai dai haƙuri. Bara ya faɗi jarrabawar zama kyaftin. A cikin na'urar gwaji mai kwaikwayon jirgi, mai jarrabawa ya yi ta kewaya filin sauka da gangan, mai yana ta raguwa, Ba-komai yana gani, sai cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ko za a ɗan duba..." Kafin ya gama ladabinsa injuna suka mutu. Da jirgin gaske ne, da kunya ta kashe mutane cike da jirgi. Yau ce damarsa ta ƙarshe, in ya makara ko ya sake faɗi, shi da kujerar kyaftin har abada.

Surukinsa, tsohon kyaftin da ya yi ritaya, ya rantse shi zai kai shi wurin jarrabawar a motarsa. Wa ya isa ya musa? Suna hawa titi Ba-komai ya ga jar fitilar mai tana ci.

"Baba, wannan fitilar kullum haka take?"

"Wacce? Oho, ado ce."

Suka zo gidan mai. Tsoho har rage gudu ya yi, ya ɗaga wa masu sayarwa hannu, ya wuce abinsa. A gidan mai na gaba Ba-komai ya share gumi ya ce, "Baba, an ce man nan wurin yana da kyau."

"Ni ma haka nake ji," in ji tsoho, ya taka totur.

A kan tudun hanyar filin jirgi mota ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu murus. Tsoho ya tafa hannu cikin murna.

"Madalla! Mun faɗo. Fasinjoji duk sun mutu, amma an gaishe su da ladabi. Kai, wane irin mutum ne kai? 'Yata ta faɗa mini abin da ya kayar da kai bara. Ina jira ka daka mini tsawa, kana yi mini tallan mai!" Ya buɗe ƙofa yana dariya. "Kwantar da hankalinka, akwai jarkar mai a but."

Ya ɗaga jarka, ta taso sakayau. Dariya ta ɗauke. Ya kira matarsa a waya, Ba-komai yana jin muryarta tar.

"Ai na juye a janareta jiya. Na so in faɗa maka, to amma wa yake iya yi maka magana a kan motarka?"

Ba-komai ya dubi agogo, ya dubi gangara, can ƙasa ga wani gidan mai. Tsoro da haushi suka haɗu suka buɗe masa baki.

"Baba, ajiye wayar nan! Ni fararen kaya ne a jikina. Koma baya ka tura, ni zan riƙe sitiyari. Maza!"

Tsoho ya saki baki. Sai kuma ya naɗe hannun riga, ya dafa but.

"Da ƙarfi, Baba!"

"Ina yi, Kyaftin, ina yi!" in ji tsoho, yana haki yana ƙyalƙyala dariya.

Da ƙyar suka isa a kan lokaci. A cikin na'ura, mai jarrabawa ya fara kewaye-kewayensa ke nan Ba-komai ya buga tsawa, "Mai ya yi ƙasa! Sauka za mu yi yanzu, ba sai an jima ba!" Mutumin har zabura ya yi. Ba-komai ya fito da kyaftin ɗinsa.

Tsoho kuwa mako guda ya yi a kwance ana shafa masa man zafi a baya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙe masa hannu, bakinsa har kunne, ya ce, "Mijin 'yata ne ya yi mini haka. Yaron nan ba shi da kunya ko kaɗan."