Mai Goge Tarihin Farfesa

Ta mayar da sakin layin inda yake, ta danna maɓallin adanawa da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi, sannan ta ja dogon tsaki.

"Ya sake gogewa?" in ji abokiyar aikinta, wadda ke jera littattafan da ɗalibai suka watsar a kan tebur.

"Ya sake. Mutumin nan wallahi ba shi da aikin yi."

Malamar laburare ce a wata makarantar sakandare. Idan ɗalibai suka shiga aji wurin ya yi tsit, sai ta buɗe kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa, ta yi aikin sa kai. Shafin da ta fi ji da shi na Farfesa ne, malaminta na jami'a, wanda ya tsufa yana koyar da falsafar ɗabi'a: mene ne daidai, mene ne ba daidai ba, kuma don me. Ita ta rubuta shafin, tun daga haihuwarsa har littattafansa. Dokar kundin kuwa ba ta da wasa. Duk abin da ka rubuta sai ka kawo madogara, wato jarida ko littafin da aka taɓa buga shi a ciki. Abin da ka ji da kunnenka ba ya shiga, ko da kakarka ce ta faɗa maka.

Sakin layin da ake rigima a kansa madogararsa har uku. Jaridu uku sun buga cewa lokacin da Farfesa ke shugabantar kwamitin jarrabawa, an kawo masa sakamakon ɗan wani babban mutum a gyara, ya ƙi sa hannu, ya ajiye aikin ya koma gida. To kwanan nan sai ga wani marar suna, babu abin da ake gani sai lambar na'urarsa, ya sa sakin layin a gaba. Kullum da hantsi zai zo ya share shi tas, ya bar 'yan kalmomi a gurbin bayani: "Ba haka aka yi ba."

"Ni na san ko wane ne," ta ce. "Abokin hamayyar Farfesa ne, wanda ya yi wa littafinsa kaca-kaca a mujalla."

"Ba ke kika ce mini ya rasu ba?"

"To ɗalibansa. Ko ɗan babban mutumin nan da aka hana gyara wa sakamako. Ai yanzu ya girma, ya samu waya."

"Jiya kuma surukin Farfesa kika ce."

"Shi ma ban wanke shi ba."

Abokiyar ta tuntsire da dariya, amma ita ko murmushi ba ta yi ba. Abin da ba ta cika faɗa wa mutane ba shi ne, labarin da ke cikin sakin layin ne ya kawo ta laburaren nan. Da can a ofishin duba ingancin gine-gine take, da kujera mai juyawa da motar aiki. Wata rana aka kawo mata rahoton wani bene da ginshiƙansa suka tsage, aka ce ta sa hannu lafiyarsa ƙalau. Labarin Farfesa ta tuna, ta ajiye biro ta fito. Har yau in an taru a gida sai yayanta ya tsokane ta, ya ce ga Malama Gaskiya mai hawa bas. Takan haɗiye, don ta san wanda ta bi sawunsa. Yanzu kuma wani ɗan baƙin ciki yana so ya goge mata shi.

Tun da safe ta kai ƙara wurin masu kula da kundin, kuma kafin azahar suka toshe lambar. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Wanda ya iya wannan, gobe sharri zai ƙulla wa tsohon. Ta ce wa abokiyarta ta riƙe mata wurin, za ta je gidan ta gargaɗi iyalinsa.

'Yar Farfesa ce ta buɗe mata ƙofa, mace mai fara'a, hannunta duk kumfar sabulu. Ta zaunar da ita a falo ta shiga kawo ruwa. Malama ta bi ɗakin da kallo: littattafai har kusa da rufi, kwalaben magani a kan talabijin, sandar dogarawa a jingine. A kan ƙaramin tebur kuma ga kwamfutar hannu a kunne. Ba leƙe ta yi niyya ba, idonta ne ya faɗa kai. Shafin Farfesa ne a buɗe, da jan rubutu a sama: an toshe wannan lamba saboda ɓarna.

Ashe a cikin gidan mai ɓarnar yake! Da 'yar ta dawo da ruwa, sai Malama ta ƙare mata kallo, tana neman abin da ke ɓoye a bayan fara'ar nan. Rigimar gado ce? Ko mijinta ne ya sa ta?

"Ki yi haƙuri, Malama, yau Baba ransa a ɓace yake," in ji 'yar. "Kin ga na koya masa wannan abin, kullum bayan ya sha magani sai ya zauna yana dangwala da yatsa ɗaya. To akwai wata marar mutunci a ciki, duk abin da ya gyara sai ta ɓata. Yau ma har ta sa an toshe shi."

Ruwan ya sarƙe Malama, ta yi ta tari.

Farfesa yana zaune a bakin taga a ɗakin ciki, an rufa masa bargo a ƙafa. Ya rame ƙwarai, amma idanun suna nan yadda ta san su. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ɗalibarsa ce. Bai gane ta ba, kuma bai yi kamar ya gane ba. Ta rasa ta inda za ta ɓullo, sai kawai ta ce, "Malam, ni ce marar mutuncin."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke ce? Kai, 'yata, kin iya naci."

"Malam, don Allah me ya sa kake gogewa? Jaridu uku fa suka buga."

"Ɗaya ta buga, biyu suka kwafa." Ya gyara bargon. "Uwar yaran nan ce ɓarin jikinta ya shanye. Babu mai juya ta, babu mai ba ta abinci. Na ajiye aiki na dawo jinya. Maganar sakamakon yaron ta taso ne bayan na kwashe kayana daga ofis, ko ganin takardar ban yi ba. Wani ɗan jarida ya ga na tafi, ya ga rigima ta tashi, sai ya ɗinke su wuri ɗaya."

"To me ya hana ka ƙaryata?"

"Na ƙaryata har na gaji. Duk wanda na gaya wa sai ya girgiza kai ya ce, ka ji tawali'u."

Har yanzu zuciyarta ba ta yarda ba. Ko tsufa ne ya taɓa masa tunani? Ko wani ne ya tsorata shi? Ta ce, "Amma da an kawo maka takardar, ai ba za ka sa hannu ba."

"Ban sani ba. Ina da mara lafiya, ina da yara a makaranta. Ina fata da na ƙi. Amma ba a gwada ni ba, 'yata."

Nan haushi ya turnuƙe ta, ta manta a gaban wa take. "Malam, ni aikina na bari saboda labarin nan! Aiki mai kyau! Aka kawo mini rahoton ƙarya na ce Farfesa ma bai sa hannu ba. Shekara da shekaru ana yi mini dariya a gida."

Ya daɗe yana kallonta. "To ai ke kika yi, ba ni ba. Ki rubuta a shafinki."

"Ni ba ni da shafi."

"Allah sarki." Ya sauke numfashi. "Ki cire shi, don Allah. Jikin nan ya kusa. Ba na so a tsaya a kaina ana yabona da abin da ban yi ba."

"Malam, maganarka ba madogara ba ce. Sai abin da aka buga."

"Ni ɗin? A kan rayuwata?" Ya yi dariya har tari ya kama shi, 'yarsa ta shigo da gudu. Da ya lafa sai ya ce, "Ki dai gwada."

Ta ce za ta gwada.

A cikin bas ta samu kujerar baya, tsakanin wata mai kwandon kayan miya da wani mai barci. Ta buɗe shafin a waya, ta karanta sakin layin tun daga farko, ko da yake ta haddace shi. Ita ta zaɓi kowace kalma a ciki. Ta shafe shi gaba ɗaya, ta rubuta a gurbin bayani cewa mai tarihin da bakinsa ya ce ba haka aka yi ba. Ta adana. Sai ta jingina kai da gilashi tana kallon shaguna suna wucewa, tana tunanin abin da za ta riƙa ce wa yayanta.

Ba su kai tasharta ba wayar ta yi ƙara. Wani mai aikin sa kai ne, wanda ba ta taɓa gani ba sai dai sunansa na kundin. Ya mayar da sakin layin, harafi bai ɓace ba, ya kuma bar mata saƙo cikin ladabi: "Wannan bayani yana da madogara uku, ba a cire shi da ji-ta-ji-ta. Mun san aikinki a shafin nan, wannan ba halinki ba ne. Anya ba wani ne ya shiga asusunki ba?"

Ta karanta saƙon, ta koma ta dubi sakin layin yana zaune daram a wurinsa. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, domin daɗi ta ji. Ta san za ta iya sake gogewa, ta san kuma tsohon yana can bakin taga yana jira. Kwandasta ya buga jikin mota ya kira tasharta. Ta jefa wayar cikin jaka, ta ja zif, ta sauka.