Gidan Da Ba Ya Ɗaukar 'Ya'ya Uku

Mai gidan ta tsaya a tsakiyar falon tana kaɗa makullai, tana ƙirga yaran mai neman hayar da ido kamar mai tayin kaji.

Shi ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibiti, mai albashin nan na tsaka-mai-wuya. Masu gidajen tallafi sun ce ya wuce talaka, masu sababbin benaye kuwa ko kujera ba su ba shi ba da suka ji abin da yake ɗauka. Ga shi an sayar da gidan da yake haya, an ba su zuwa ƙarshen wata. Ya taka gari har takalminsa ya buɗe baki. Wannan gida mai ɗaki biyu, da famfo mai ɗiga da tagar da ke kallon bangon maƙwabci, shi kaɗai ya rage wanda aljihunsa zai iya ɗauka.

"Duka ukun naku ne?" in ji mai gidan. "Ni fa ba na ba mai 'ya'ya fiye da biyu. Su ne masu zane bango da toshe magudana. In ba ku so, akwai masu jira a ƙasa."

Matarsa ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Shi kuwa bakinsa ya riga hankalinsa.

"Biyu ne namu, ranki ya daɗe. Babbar 'yar ƙanwata ce, hutu ta zo."

Babbar ya zaɓa don ita ce mai wayo, ita ce ba za ta ƙaryata shi ba. Ladan hankalinta ke nan.

Mai gidan ta duƙo kan yarinyar, wadda ke riƙe da hannun ƙaninta. "Haka ne, 'yammata? Wane ne wannan?"

Yarinyar ta ɗaga ido ta dubi uban. Ya kasa haɗa ido da ita, ya shiga duba famfon kamar ya san gyara.

"Kawuna ne," ta ce.

"Madalla. Hutu na ƙarewa sai ta koma. A ƙasa nake zaune, ba mai wuce ni ban gani ba."

Aka miƙa masa makulli. Ya yi godiya har da rusunawa, kunya na cin sa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai da suka kai tashar bas matarsa ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa. "To, malam mai dabara, ina za mu kai ta?"

"Wurin Inna. Na ɗan lokaci ne, kafin..."

"Kafin me? Kafin albashinka ya haihu?"

Da a ce faɗa ta yi masa da ya fi sauƙi.

Bas ta zo maƙil, suka samu kujera biyu da ƙyar. Matar ta kwance goyo ta rungume, na tsakiyan ya lafe a gefenta. Babbar ta tsaya riƙe da ƙarfe, motar na jijjiga ta. Uban ya buga cinyarsa.

"Zo ki zauna, uwata."

"Bar shi, Kawu, zan tsaya."

Ya ji abin har cikin ƙashinsa. "Ai mai gidan ba ta nan. Daina faɗa."

"Na sani," ta ce, tana kallon taga. "Koyo nake yi, kada in manta in jawo a kore ku."