Barcin Malam Bukari a Ajin Madam Clarisse

Malam Bukari ya taso daga aikin dare a Saint-Fons ya zarce lekol, wato makaranta, a fusace, don ya cire 'yarsa Hamdiya daga ajin Madam Clarisse. An ce kullum sai ta kaɗa wata 'yar ƙararrawa, ta sa yara su runtse ido su yi tsit.

"Ba addini ba ne, Monsieur, numfashi ne kawai," in ji malamar. "Zauna ka gwada."

Ya zauna ya runtse ido. Dariyar yara ce ta katse masa minshari.

Ya miƙe a firgice yana salati, ya cafke hannun Hamdiya.

"Tashi mu tafi! Wallahi addini ne! Ni irin wannan barcin, sai a huɗubar Juma'a nake yin sa."